Dalmar da ke Jinin Mbonde

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da abinci a ƙofar kamfanin batir da ke Miembeni, kuma cikin duk mazajen da na ciyar ban ga wanda ya kai Mbonde ci ba. Malmalar ugali, wato tuwon masara, biyu yake tashi da ita, da wake, da ƙananan kifi, ya kora da shayi, sannan ya leƙa tukunya ya ce, "Maman Tausi, ƙanzon nan fa, wa kika ajiye wa?"

Sunansa na yanka Hemedi, amma kowa Mbonde yake ce masa. Mutumin Rufiji ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, mai sanyin magana. Da can masunci ne. Wata shekara kogi ya yi ambaliya ya tafi da kwalekwalensa da komarsa a rana ɗaya, sai ya ɗauko matarsa Mwatumu da 'ya'yansu mata biyu ya taho birni. Ranar da ya shiga layin masu neman aiki, Kapinga, shugaban leburori, damtsensa kawai ya duba ya ce, "Kai dogo, shigo."

Aikin kamfanin ba ɓoyayye ba ne. Manyan motoci ke kawo matattun baturan mota. Wasu su fasa su da adda, su tsiyaye ruwan a kwata, su zare farantan dalmar da ke ciki. Wasu su loda a baro su tura zuwa tanderu. Mbonde a bakin tanderun yake, riƙe da wani dogon ludayin ƙarfe wanda ni ko ɗaga shi ba zan iya ba. Shi ke kwashe dattin da ke tasowa a kan narkakkiyar dalma, shi ke zuba ta a mazubi ta daskare ta zama sanduna. Hayaƙin wurin yana da wani zaƙi-zaƙi a maƙogwaro. Ƙurarsa kuwa toka-toka ce, mai laushi kamar hoda. Tana kan girarsu, tana cikin farcensu, tana kan teburina. Sau uku nake goge teburin nan kafin azahar. Da ƙarfe goma na safe ana raba wa kowa ledar madara, wai tana wanke ƙirji. Takunkumin hanci na takarda ne, ɗaya a mako, kafin Talata ya yi baƙi ƙirin, sai su ɗaura tsumma.

Babban abokinsa shi ne Mwakalinga, mai fasa batir, gajere, ɗan Mbeya, mai bakin tsiya. Shi Simba yake goya wa baya a ƙwallo, Mbonde kuwa Yanga, saboda haka duk ranar Litinin bencina ba ya ganin zaman lafiya.

Mwakalinga zai ce, "Mzee, dattijo, na ji jiya an yi muku dukan kawo wuƙa. Sannunku da jinya."

"Ci abincinka, guntu. Kai da ka je filin ma ƙafafun mutane ka kalla."

A shekararsa ta tara a bakin tanderu abin ya fara. Mutumin da ke cin malmala biyu ya koma barin rabin ɗaya. Ciki ya riƙa murɗa masa, har ya zagaya bayan rumfata ya durƙusa yana riƙe da cibiya, gumi na zuba. Sai ya kwana huɗu bai zaga ba. A kemis aka ce gyambon ciki ne. A wani wurin aka ce taifot. Wata gwaggonsa ta aiko da saiwoyi daga Rufiji, ta ce jifa aka yi masa. Duka ya sha.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda halinsa ya sake. Wata Litinin Mwakalinga ya fara tsokanarsa kamar kullum, sai kawai na ji tas! Mbonde ya yi jifa da farantina ya bugi katanga, ya cakumi wuyan rigar abokinsa ya ɗaga shi sama. Maza uku suka ɓamɓare shi. Da ya zauna sai ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Maman Tausi, me na yi?"

Ba a jima ba Mwatumu ta same ni ina wanke tukwane. Ta ce, "Yaya, wannan ba mijina ba ne. Jiya yara dariya kawai suka yi, ya ɗauki rediyo ya rotsa da ƙasa. 'Yarmu Rukia a ƙarƙashin gado ta ɓuya. Shekara ashirin bai taɓa ɗaga mini murya ba." Bayan mako biyu ta kwashi yaran ta koma gidansu a Ikwiriri. Ban ga laifinta ba.

Sai ranar da ludayin ya kuɓuce masa. Ya ɗebo narkakkiyar dalma zai zuba, hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, ya lanƙwashe kamar ganyen da ya yi yaushi. Dalmar ta fantsama ta huda masa takalmi. Saboda ƙunar ƙafa aka kai shi babban asibiti, ba don komai ba.

Shi ya ba ni labarin yadda suka yi da likitar. Ya ce wata matashiya ce, ta gama ɗaure ƙafar, sai ta ga hannun yana lilo. Ta ce ya ɗaga. Ya kasa. Ta ce ya buɗe baki, ta haska dasashinsa, ta ga wani siririn layi shuɗi-shuɗi a gindin haƙora. Ta ajiye fitilar ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Da ya faɗa mata, sai ta ɗebi jininsa ta aika gwaji. Sakamakon da ya fito ya sa ta ba shi gado nan take. Kwana goma sha biyu ana yi masa ƙarin ruwa da maganin da ke janyo dalma daga jiki.

Ya ce mata, "Amma kullum ina shan madarata."

Ta ce, "Madara abinci ce, Baba, ba ta fitar da dalma. Ta hanci take shiga, ta baki take shiga idan ka ci abinci da ƙurarta a hannu. Ta zauna a jini, ta wuce ƙashi. Ciwon cikin nan ita ce. Hannun nan ita ce. Fushin da kake yi ma ita ce."

Ya ce da ya ji wannan ta ƙarshen, sai ya juya fuskarsa ga bango, don kada yarinyar ta ga hawayensa.

Kafin ta sallame shi ta gaya masa abu biyu. Kada ya ƙara kusantar tanderu. Kuma duk wanda ke aiki tare da shi ya zo a gwada shi, har da wanda ke wanke masa kayan aiki a gida.

Abu na farkon, kamfani ne ya sauƙaƙa masa. Ranar da ya dawo da takardar asibiti, Kapinga ya karanta, ya shiga ofis da ita, ya fito da wata. An sallame shi, wai ba shi da ƙoshin lafiyar aiki. Mbonde ya ninke takardun biyu ya sa a leda, ya tsallako ya zauna a bencina. Na zata washegari zai hau mota ya koma Rufiji. Washegari da hantsi sai ga shi a bencin nan dai.

Da aka tashi cin abinci ya miƙe ya yi musu bayani, a hankali, yadda likita ta yi masa. Ya buɗe baki ya nuna musu dasashinsa. Ya ce kowa ya je a gwada shi. Mutum wajen arba'in, babu wanda ya ɗago kai daga faranti. Mwakalinga ne ya tanka.

"Mzee, kai an gwada ka, ko?"

"An gwada ni."

"To yanzu ina kake? Ba a benci ba? Mu ma bencin kake so mu dawo? Maman Tausi, bencinki zai ɗauki mutum arba'in?"

Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Mbonde bai yi fushi ba, maganin ya fara sassauta masa wannan. Ya ce, "Gaskiyarka, guntu." Ya zauna.

Kwana biyu bayan haka ya zo da bokiti biyu, da sabulu, da wani ɗan buroshi. Da hannun hagu ya riƙa ɗebo ruwa daga famfon masallaci, bokiti ɗaya-ɗaya. Ya ce da ni, "Alfarma nake nema. Wanda bai wanke hannu da fuska ba, bai kurkure baki ba, kada ki zuba masa. Kuma ki matsar da rumfar nan tsallaken titi, gindin mangwaron can, iskar tanderu ba ta bi ta can."

Ba zan yi ƙarya ba, ban amsa da daɗi ba. Na ce, "Mbonde, an kore ka, ni ma so kake ka kore ni? Mai yunwa ba ya bin layin sabulu. Wurin wata za su koma."

Ya ce, "Ƙurar da kike gogewa a teburin nan sau uku, ina kike zaton sauran take tafiya? Tausi ba a nan take cin abinci ba idan ta taso makaranta?"

Ranar Asabar muka ɗauke rumfa. Kamar yadda na faɗa, wasu suka koma wurin mai soya dankali a can gaba. Amma wakena wakena ne, da kwakwa nake dafa shi. Kafin wata ya ƙare sun dawo, suna gunaguni suna miƙa hannu, Mbonde na zuba musu ruwa yana duba farce kamar malamin firamare. Suka sa masa suna Sufeton Sabulu. Ya karɓa.

Sai dai shi ya san wanke hannu ba ya hana shaƙar hayaƙi. Ya je ofishin manaja sau huɗu, sau huɗu mai gadi yana cewa ba ya nan, alhali ga motarsa a inuwa. Ya koyi rubutu da hagu, wani irin rubutu kamar kaza ta taka tawada, ya kai takardar koke wurin jami'an lafiyar ma'aikata. Suka ce za su zo, amma suna son shaida fiye da ta mutum ɗaya. Shaidar kuwa tana cikin jinin mutanen da suka ƙi a taɓa su.

A cikin haka ya tafi Ikwiriri. Na zata biko ya je. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "Ban je biko ba. Da wane baki? Na ce mata, shekara tara kina wanke kayan aikina a baho ɗaya da na yara, ki kai su a gwada, ke ma a gwada ki. Na ba ta takardar likita ta karanta. Na ce fushin nan an ce ciwo ne, amma ni na yi shi, ba zan ɗora wa dalma duka ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce in ci abinci kafin mota ta tashi."

A hanyar dawowa ne, in ji shi, tunani ya zo masa. Wata biyar yana magana da maza, alhali ba maza ke wanki ba.

Daga ranar, da zarar an gama cin abincin rana sai ya bi gidajen abokan aikinsa, ni kuma nakan raka shi idan na gama wanke-wanke, don bai kamata namiji ya riƙa sallama a gidan mutane shi kaɗai ba mai gida ba ya nan. Ba wa'azi yake yi ba. Yakan ce a ɗauko rigar aikin jiya, ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya kakkaɓe ta a kai. Sai matar ta ga abin da ya zubo. Wata ta kore mu da tsintsiya, ta ce mun zo raba mijinta da abincinsa.

Gidan Mwakalinga muka bari a ƙarshe. Matarsa Tumpale, doguwa ce mai tsoron Allah, ita ke jan waƙa a cocinsu. Ta kalli ƙurar a kan ƙyalle ta daɗe. Sannan ta ce, "Baban Rukia, abin nan yana taɓa ciki?"

Mbonde ya ce, "Likita ta ce yana iya taɓawa. Ni ban sani ba sai an gwada."

Ta ce, "Uku na rasa. Duka a wata na huɗu. Dangin mijina sun ce mahaifata ce ba ta riƙo."

Washegari ta sa zanenta na zuwa coci ta bi shi asibiti, ba ta gaya wa mijinta ba. Matar da ko ƙofar kamfani ba ta taɓa tsallakawa ba, aka sami dalma a jininta, da yawa. Likita ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa ita ta zubar da cikin ba, amma kada ta sake ɗaukar wani sai abin ya sauka. Cikin mako uku mata goma sha bakwai suka je, wasu da goyo. Ni ma na kai Tausi. An samu a jikinta, ba mai yawa ba, amma an samu. Ranar ban iya cin abincin da na dafa ba.

Abin da ya faru wata Litinin bayan haka ba Mbonde ya tsara shi ba, kodayake har yau Kapinga bai yarda ba. Tumpale ce. Ina hura wuta da sassafe sai na hango mata suna tahowa a layi, kowace da baho a ka. Kayan aikin mazajensu ne na makon jiya, ba a wanke ba. Suka zo ƙofar kamfani suka juye, tsibi guda, da riguna da wanduna da tsummokaran hanci. Mazan na biye da su cikin kayan gida, wani da rigar zuwa biki, wani da gajeren wando, kowa yana kallon ƙasa.

Kapinga ya fito a fusace. "Wane irin hauka ne wannan? Ku kwashe shararku!"

Tumpale ta ce, "Sharar taku ce, mun dawo muku da ita. Daga yau ba ta ƙara kwana a ɗakinmu."

"Duk wanda bai shiga aiki yanzu ba, ya ɗauka an kore shi!"

Babu wanda ya motsa. Sai Mwakalinga ya fito daga cikin maza. Idonsa ja wur, da gani Tumpale ta gaya masa komai. Ya tsallaka titi ya zo gindin mangwaro inda Mbonde ke tsaye, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya ce, "Mzee, a ina ake ɗibar jinin?"

Mbonde ya ce, "Kai da ke suma idan ka ga allura?"

"Sai ka riƙe ni. Ai hannunka ɗaya yana aiki."

Ranar tanderu bai ga wuta ba. Mutum talatin da huɗu suka je asibiti, a motar haya uku. Da sakamakonsu Mbonde ya koma wurin jami'an, wannan karon leda cike da takardu. Suka zo, suka auna iska, suka rufe wurin mako bakwai.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Da aka buɗe, an gina wurin wanka da ɗakin sauya kaya, kayan aiki sun daina zuwa gida, an kawo takunkumi na roba mai matata, an ɗaga bututun hayaƙi an sa masa injin zuƙa. Ana gwada jini duk wata shida. Amma mutum shida da dalmar jininsu ta fi yawa, da kwantiraginsu ya ƙare ba a sabunta ba, kuma biyu daga cikinsu har yau ba sa gaisawa da Mbonde. Dalmar jinin Mwakalinga ta kusa kai ta Mbonde. Ya yi jinya, aka mayar da shi wurin awon kaya a bakin ƙofa. Ƙodarsa ta taɓu, kullum da kwalbar ruwa yake yawo. Bayan shekara biyu Tumpale ta haifi 'ya mace, ƙarama sosai, amma da ranta.

Mbonde bai koma kamfani ba, ba su kuma neme shi ba. Hannun ya dawo rabi. Yana riƙe kofi, yana ɗaura igiya, amma abu mai nauyi ba ya ɗaguwa. Yanzu busasshen kifi yake sarowa daga Rufiji, ni ce mai sayensa ta farko. Mwatumu ta dawo bayan shekara ɗaya da rabi, ba da hayaniya ba. Wata rana kawai na gan ta tana shanya a ƙofar ɗakinsu. Rukia tana fama da karatu, malamai sun ce ba ta riƙe abu. Ba a san ko dalmar ce ba. Shi dai Mbonde ya ɗauka ita ce, kuma duk yamma yana zaunar da ita su maimaita darasi, shi da bai wuce aji bakwai na firamare ba.

Makon jiya ya kawo mini kifi, ya ƙi tafiya, yana ta juya hula a hannu. Na ce, "Faɗi abin da ke bakinka."

Ya ce an buɗe wani sabon wurin narka batir a can bayan gari, kan hanyar kudu. Wani direba ya gaya masa da adda suke fasawa, kuma madara ake raba musu. Ya je sau biyu, mai gadi ya kore shi, ma'aikatan kuma sun ɗauke shi mahaukaci.

Na ce, "Mbonde, ka yi naka. Ka bar wa wasu."

Ya ce, "Su waye wasun?"

Na ci gaba da gyara kifi. Can na ce akwai wata 'yar garinmu da ta koma can da zama, Maman Shani, mijinta ma ina jin a wurin yake aiki, sai dai bakinta ya fi nawa kaifi, kada ya ce ban gaya masa ba.

Ya sa hularsa. "Ranar Lahadi ba kya girki. Motar ƙarfe bakwai za mu hau."